Rasuwar Mai Shuɗin Allo, Wanda Ya Iya Tambaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da raini daidai gwargwado ga waɗanda suka jawo shi, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin abokan aiki na maɗaba'a rasuwar Mai Shuɗin Allo, ɗan ƙaramin shirin da ke saita sauti a kwamfutata. Ya rasu ranar Talata da ƙarfe goma da kwata na safe, a hannun surukina, wanda ya zo kawo mini maganin ido ya tarar da kwamfutar a kunne. Ina kicin ina wanke kofi. Ba a nemi shawarata ba.

Ni ne mai duba kurakuran ɗab'i da wasunku suka sani da Jan Biro. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aiki. Ga waɗanda ba su san yadda ake yinsa ba, wato kusan duk mai buga littafi a yau, ba a duba gwajin ɗab'i da ido kaɗai. Ido maƙaryaci ne, abin da ya sa rai zai gani shi yake gani. Mutum biyu ake buƙata. Ɗaya ya riƙe asalin rubutun marubuci yana karantawa da ƙarfi, kalma kalma, lamba lamba. Ɗayan ya ɗora rula a kan shafin da aka tsara yana bi da jan biro. In kunne da ido suka saɓa, a tsaya. Sana'ar ke nan gaba ɗayanta, kuma na ga masu digiri biyu da suka kasa gane ta.

Shekara talatin da ɗaya matata ce mai karanta mini. Kujerarta tana gefen taga, tawa tana ƙarƙashin fitila. Ta karanta mini littattafan lissafi, da kundin dokoki, da jadawalin jiragen ƙasa, da waƙoƙin wani bawan Allah da har yau nake roƙa masa gafara. In ta kai ƙarshen shafi takan ɗaga kai ta ce, “Ka ji?” Ni kuma in ce, “Wuce.” A tsakanin waɗannan kalmomi uku muka raini 'ya ɗaya, muka sauya gida sau biyu, muka tsufa.

Sau ɗaya tak layi ya faɗi mana, shekara ashirin da uku da suka wuce. Jerin waɗanda suka ci jarrabawar koyon aikin jinya ne, suna ɗari huɗu da 'yan kai, aka buga babu sunan wata yarinya. Mahaifinta ya zo maɗaba'a ya kawo ƙara. Manaja ya kira ni ofis ya tambayi yadda aka yi, na ce mai karanta mini ce ta tsallake layin. Tana tsaye a bakin ƙofar ofishin da fulas ɗin shayina a hannu. Aka buga gyara a mako na gaba, aka hana ta shiga maɗaba'a, muka mayar da aikin gida. Washegari ta ɗauki takarda ta ci gaba da karatu daga inda muka tsaya. Na ambaci wannan ne domin tarihin marigayin ya cika.

Marigayin ya shigo gidan nan ta hannunta. Da ciwon maƙogwaro ya fara cin muryarta, sai ta ɗauko tsohuwar kwamfutar da take buga takardu da ita, ta sa mata tsarin Linux, ta koya wa wata muryar na'ura karanta rubutu. Matsala ɗaya ce. Katin sautin kwamfutar ya tsufa, kuma duk sanda aka kashe ta sai ta tashi ta manta tana da baki. Matata ta yi kwana uku tana lalube har ta gano marigayin kwance a cikin tsarin, babu wanda ya damu da shi. Ita ta raɗa masa suna, saboda launin da allo ke komawa in an kira shi. Ta rubuta haruffa bakwai na kiransa a wani ɗan kwali ta manna a kan tebur, daidai ƙasan allo.

“Ga shi nan, Jan Biro,” in ji ta, da 'yar muryar da ta rage. “Na samo maka wanda ba ya gajiya, ba ya tari, kuma ko me ka ce ya yi ba zai musa ba.”

Na ce ta rage surutu, likita ya hana ta.

Ya yi mini aiki shekara tara, bakwai daga ciki bayan rasuwarta. Marigayin ba shi da kyau, ban kuma taɓa jin ya yi da'awar yana da shi ba. Shuɗin allo ne da akwati mai ruwan toka a tsakiya, babu hoto, babu murmushi, babu barka da zuwa. Amma ya mallaki abin da ya ƙare a wannan zamani, ya iya tambaya. Kowace safiya tambaya uku yake yi. Ta farko: na sami wannan kati, shi ne? Ta biyu: in rubuta shi? Daga nan sai ka ji lasifika ta yi ɗum, kamar an rufe ƙofa a gidan maƙwabci. Sai sssss, kamar ruwa ya fara tafasa. Sai wani tiiing siriri, na hagu tukuna, sannan na dama. Sai tambaya ta uku: ka ji? Ya tsaya yana jira. Ko ka tafi banɗaki ka dawo, yana nan yana jira. Na yi aiki da manajoji shida, babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa yin tambaya ya jira amsa.

Bai yi jinya ba. Lafiyarsa ƙalau da safiyar Talata, ya yi tambayoyinsa uku, muka duba shafi goma sha ɗaya. Da na dawo daga kicin na tarar da surukina a kujerata yana kaɗa ƙafa.

“Baba, wannan tsarin naka ai ya zama kayan tarihi. Ko tsaro babu. Na sabunta maka, minti ashirin kawai.”

Surukina yana aiki da kwamfuta a wani ofis mai sanyi, kuma ya yi imani duk abin da ya haura shekara uku a duniya jiran sa yake ya zo ya cece shi. Ya ajiye maganin ido ya tafi. Na zauna na buga haruffa bakwai ɗin nan. Allo bai koma shuɗi ba. Layi ɗaya ya fito: ba a sami wannan umarni ba. Na sake bugawa, harafi harafi, ina duban kwalin, kamar wanda ya shekara tara bai haddace ba. Amsar ba ta sauya ba.

Daga baya na nemo sanarwar da masu kula da tsarin suka fitar. Ba zan faɗi sunansu ba, su ma ba su sa hannu ba. A cikin dogon jerin sauye-sauye, tsakanin gyaran wani agogo da canjin launin wani maɓalli, akwai layi guda: an cire, ba a buƙatarsa, tsarin yana gano sauti da kansa. Iyakar ta'aziyyar da suka yi masa ke nan. Na duba sanarwar rasuwar mutanen banza da dama a rayuwata, ko mafi lalacewa a cikinsu an ba shi sakin layi.

Tsarin kuwa ya gano sauti da kansa. Inda ya kai shi ne bai faɗa wa kowa ba. Na buɗe fayil, na umarci muryar ta karanta, na ga wata koriyar sanda a gefen allo tana tsalle, alamar ana magana. Ɗakin shiru. Na taɓa ganin irin wannan, baki yana motsi ba abin da ke fita, a kan gadon da ke bayan wannan bango. Ban so in sake gani ba, ko a jikin na'ura.

Ya kamata masu karatu su san abin da ke kan tebur a lokacin. Littafin jadawalin magungunan dabbobi ne, shafi ɗari uku da goma sha biyu, lambobi zalla, na tsaya a shafi na ɗari da arba'in. Ranar Alhamis ta mako mai zuwa ake jiransa. Kamfanin da ya ba ni shi ne na ƙarshe da ke turo mini aiki. Kuma akwai yarjejeniya tsakanina da 'yata tun bayan rasuwar mahaifiyarta: muddin ina aiki, ina nan a ɗakina. Ranar da aiki ya tsaya, in koma gidansu, inda aka tanadar mini ɗaki kusa da na yara, mai labule da hoton kifi.

Na kira surukina. Ya ce yana taro, in kashe in kunna. Na kashe na kunna. Ya ce yana tafiya, sai Asabar ta sama.

Sai na kai marigayin gaban likitoci, wato dandalin tattaunawa na intanet inda masana ke taruwa su raina masu tambaya. Na rubuta bayani tsaf, da kwanan wata da sunan kati. Na farko ya amsa da cewa a wurinsa yana aiki. Na taya shi murna. Na biyu ya ce in buga umarni shida in liƙa masa abin da ya fito. Na yi rabin yini ina yi, na liƙa, har yau bai dawo ba, ina fatan lafiya. Na uku ya ce in karanta littafin bayani. Na ce masa na karanta, ɗana, na kuma sami kuskure goma sha huɗu a shafi ukun farko, ko yana so in turo? Na huɗu ya ce wa yake amfani da irin wannan kati a yau, in jefar. A rana ta biyar shugaban dandalin ya rufe zancen, ya manna masa alamar an warware. Ban san wa aka warware wa ba.

Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya shigo da sukudirebansa ba tare da an gayyace shi ba. Shi aƙalla ya taɓa majinyacin da hannu. Ya kwance lasifika, ya jona ta a rediyonsa, ta ɗauki waƙa har gilashin taga yana rawa.

“Malam, wannan ai ta fi ni lafiya. Kwamfutarka ce ta yi yaji. Me ka yi mata?”

Na ce masa a gidan nan ba a taɓa yin yaji ba, kuma ba don babu dalili ba. Ya yi dariya, yana zaton wasa nake.

'Yata, Allah ya yi mata albarka, ta ce za ta karanta mini ta waya. Ta karanta shafi ɗaya da rabi, ina jin ƙarar mai a kasko da yaro yana kuka a bayanta. Da ta kai tsakiyar jadawali na biyu sai na ji ta ce, “da sauransu.”

Na ce, “Da me?”

“Baba, duk iri ɗaya ne fa. Lambobi ne kawai.”

Na ce ta je ta duba girkinta. Kafin ta kashe ta ce, “Ɗakin nan fa an yi masa fenti.” Mahaifiyarta ta karanta mini jadawalin jiragen ƙasa na shekara guda cur, tasha tasha, ba ta taɓa cewa da sauransu ba. Ban gaya wa 'yar haka ba. Ban gaya wa uwar ba ma.

Don haka na yi abin da na shekara arba'in ina zagin masu yinsa. Na buga asalin rubutun a takarda, na ajiye shi a hagu, gwajin ɗab'i a dama, yatsa a nan, rula a can, ido ɗaya mai yana da ɗaya mai taurin kai suna kai da komo. Shafi ɗari da saba'in da biyu a kwana huɗu. Na miƙa ranar Alhamis kafin a tashi daga aiki, na dawo gida ina jin kaina.

Ranar Juma'a da hantsi editar kamfanin ta kira. Mace ce mai ladabi, kuma ladabin ne ya fi ciwo.

“Baba, sannu da ƙoƙari. Wani ɗan layi ne kawai a shafi na ɗari da tamanin da takwas. Na 'yan maruƙa ƙasa da wata uku. Babu shi gaba ɗaya, sai adadin manyan shanu ya hau gurbinsa. Allah ya taimaka, likitan da ya rubuta littafin ya gani kafin a buga.”

Na buɗe fayil ɗin, na nemo shafin.

“Wa ya karanta maka, Baba?”

Bakina ya buɗe da kansa zai ba da tsohuwar amsa. Har na juya wajen taga. Kujera ce kawai, da matashinta da ya lotsa a tsakiya. Na ce ba kowa. Ta ce ai na yi wa sana'a hidima, lokaci ya yi da zan huta, za su riƙa tuntuɓata. Na san wannan tuntuɓa, na duba ta a wasiƙun sallama da yawa.

Surukina ya zo ranar Asabar da jakar lemo. Minti huɗu ya yi. Ashe tsarin mai gano sauti da kansa ya gano allon da shi surukin ya kawo mini bara, allon da ba shi da lasifika ko ɗaya, ya naɗa shi shugaba, ya yi kwana goma sha ɗaya yana zuba masa karatu. Tsohon katin kuwa ya tura shi baya ya toshe masa baki, ya sa wasu haruffa biyu ƙanana a ƙarƙashinsa don masu duba su gane. Surukina ya danna maɓalli ɗaya.

“Ka gani, Baba? Da ma yana nan. Ai abu ne mai sauƙi.”

Fayil ɗin yana buɗe tun jiya a shafin da aka kira ni a kansa. Muryar ta fashe a ɗakin, babu ɗum, babu sallama: 'yan maruƙa, ƙasa da wata uku. Ta karanta layin tsaf, da lambobinsa. Surukina ya harɗe hannu yana jiran godiya. Sabon tsarin bai tambaye ni ko na ji ba. Irinsu ba sa tambaya, sun riga sun sani.

Saboda haka kada wani ya zo mini da zancen cewa sauti ya dawo, me ya rage. Na san ya dawo. Yana nan yana aiki lafiya, ba shi da abin karantawa.

Marigayin ya rasu ya bar katin sauti ɗaya, tsoho, wanda yanzu yake zaman agola a kwamfutar da ya riga kowa shiga. Ya bar lasifika biyu, ta dama tana jingine da ƙamus saboda ƙafarta ta karye tun zamanin matata. Ya bar wasiyya, fayil mai layi biyar da ya rubuta da safiyar Talata, na farkonsu yana roƙon kada kowa ya taɓa shi da hannu. Sabon tsarin ya cika wannan wasiyya fiye da kima, ko kallonsa ba ya yi. Bai bar 'ya'ya ba. Waɗanda suka gaje shi suna da yawa, kowanne da dogon suna da tambari, kowanne an ce ya zo ne ya gyara ɓarnar na gabansa, ba na kuma amincewa da dangantakarsu da shi. Ya bar kwali ɗaya mai haruffa bakwai da rubutun hannun da ba za a sake yi ba. Ya bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Talata mai zuwa da ƙarfe goma da kwata na safe, a ɗakin aikina, hawa na biyu, ƙofar da ba ta da lamba. Babu gawa, masu cirewa ba su bar ko ƙura ba. Na buga layi biyar ɗin a takarda, na duba su sau biyu, da ido, don haka ban ɗauki alkawarin komai ba. Za a naɗe takardar tare da kwalin, a sa su a gwangwanin da nake tara jajayen birona da suka bushe, a rufe. Mai gyaran rediyo zai riƙe murfi. An gayyaci surukina bisa sharaɗin hannuwansa su zauna a aljihu. Mutanen dandali ba sai sun wahala ba, a wurinsu yana aiki. Ba za a yi shiru na minti ɗaya ba, mun yi na kwana goma sha ɗaya.

Masu son yin ta'aziyya su zo kafin Laraba da yamma. Ranar Alhamis motar kaya za ta zo. 'Yata ta ce ɗakin ba zai ɗauki kujera biyu ba, na ce to a bar tawa.

Saura magana ɗaya, kuma ba ta marigayin ba ce, shi ba na bin sa komai, shi ma ba ya bi na. Kowace safiya ya tambaye ni ko na ji, na danna e. Sau dubu uku da wani abu. Yana da sauƙi a amsa wa akwati mai ruwan toka.

Ranar jerin sunayen nan, da azahar ce. Wani mutum a titi yana fama da sauke katifa daga kan mota, katifar tana lanƙwashewa tana rufe masa fuska, na ɗaga kai ina kallonsa ta taga. Abin da ya ɗauke ni ke nan, katifa. Muryar matata tana tafiya, suna bayan suna. Sunan yarinyar ya shiga kunnena, har yau zan iya faɗinsa da na mahaifinta. Rulata ba ta motsa ba. Da ta kai ƙarshen shafi ta ɗaga kai ta yi tambayarta, na ce wuce. Bayan haka na sami shekara goma sha shida, tebur ɗaya tsakaninmu.

Na ji. Kin karanta shi. Ni ne ban duba ba.